Man Ƙafar Baba

Shafi na 17

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban saki shafin yau ba za ta zo gida ta ƙwace wayar ta karanta da kanta. Ki zauna abinki, ga shi.

*

Kwaɓin safiyar nan ma ya tsinke.

Ina tsaye a kicin ina kallon kwanon. Mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa, kamar waɗanda suka yi faɗa suka raba ɗaki.

Umma ta leƙo, ta kalli kwanon, ta kalle ni.

"Ya sake ƙi?"

"Bai ƙi ba, ni na yi gaggawa. Na zuba ruwan alobera da sanyinsa a kan mai mai zafi."

"To ki bar shi haka mana, 'yar nan. Tun safe ko ruwa ba ki sa a cikinki ba."

"Umma, na bar shi ya shafa me?"

Ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, wannan sana'ata ce. Man shafawa nake haɗawa ina sayarwa, mata suna saya suna dawowa da ƙawayensu. Akwai wadda ba ta yarda a shafa wa jaririnta komai sai nawa. Amma man ƙafar mahaifina, mutum ɗaya tak, ya gagare ni.

Tun ranar da na raka Baba asibiti awon suga, nas ɗin ta duba dugadugansa ta ja ni gefe. Ta ce faso ya fara kama shi, mai ciwon suga kuwa ƙaramar tsaga tana iya zama babban ciwo. Kullum a shafa masa mai, ban da tsakanin yatsu. Baba ya ce shi ba ya son na kanti, ƙamshinsa atishawa yake sa shi. Ni kuma da rawar jiki na ce ai zance ya ƙare, 'yarka ce mai mai.

Na farko ya ce ya yi maiƙo, ƙafarsa tana zamewa a kan fedar keken ɗinki. Na ƙara garin sitati ya shanye maiƙon. Ya ce yanzu kuma ya yi tauri kamar kyandir. Na rage kakin zuma. Ya ce wannan ai ruwan wanki ne, kafin ya kai hannu ƙafa ya zube. Na yi fushi na bar mai gaba ɗaya na koma jel, alobera da garin kauri. Ya ce yauƙi yake kamar kuɓewa. Na gyara. Ya ce danƙo, duk zaren ɗakin ɗinki ya manne masa a ƙafa.

Har mafarkin kwano nake yi.

Na mayar da kwanon cikin tukunyar ruwan zafi, na tsaya a kansa har komai ya narke ya yi zafi ɗaya. Na ƙara ɗan kakin haɗi, wanda ke sa ruwa da mai su yarda da juna. Garin kaurin kuwa sai da na kwaɓa shi a gilisarin kaɗan kafin na zuba, don in ka watsa shi haka kawai gudaji zai yi, ko ka kwana kana bugu ba zai baje ba. Na sauke, na kama bugawa da bilandar hannu. In buga, in tsaya ya huce, in sake bugawa.

A hankali ya fara fari. Ya fara riƙe kansa.

Na ɗebo da cokali na juya shi ƙasa. Bai zubo ba, bai kuma maƙale ba, ya sauko a natse. Na lakuta na mulka a bayan hannuna. Fata ta shanye shi nan take. Na dafa takarda, ba ta manne ba. Na goga hannun a kan faranti, bai zame ba.

Wallahi ban taɓa haɗa mai kamar wannan ba.

Na zuba a 'yar roba, na share bakinta, na nufi ɗakin gaba inda Baba yake ɗinki.

Umma na tsakar gida tana shanya. Ta ga robar a hannuna.

"Kawo in kai masa."

"A'a, yau ni zan kai."

"Yana da aiki a gabansa."

"Ba daɗewa zan yi ba."

Ta bi ni da ido har na shige.

Baba na zaune a bayan kekensa, tabarau a kan karan hanci, yana sa maɓalli da hannu. An danna yadi a ƙarƙashin allurar keken, amma keken shiru.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, Uwata. An sake dafo mana wani ke nan?"

"Wannan shi ne na ƙarshe. In wannan bai yi ba, na bar sana'ar in koma sayar da ƙanƙara."

Ya yi dariya. "Ajiye shi nan. In na tashi zan gwada."

"Yanzu za a gwada."

"Ba ki ga ina aiki ba?"

"Da hannu kake aiki. Ni ƙafa nake so. Miƙo ta nan, ni zan shafa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Tun yaushe na tsufa har sai an shafa min mai?"

"Ba tsufa ba ne. So nake in ga da idona inda yake danƙon, in ga inda yake zamewar. Kullum sai dai a ba ni labari."

"Na ce ki ajiye."

"Baba, cikin wannan zafin ma safa ce a ƙafarka. Yaya mai zai yi aiki?"

"Sanyin siminti nake gudu."

Na buɗe robar don in nuna masa. Hannuna da sauran santsi, murfin ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin babban teburin da yake yanka a kai.

"Bar shi," in ji Baba da sauri. "Zan ɗauko anjima."

Na riga na durƙusa.

Ƙarƙashin teburin akwai kwalin da yake tara ƙyallaye. Murfin ya tsaya a jikinsa. Na ja kwalin don in zaro shi, sai na ji ya yi nauyin da ƙyalle ba ya yi. Wani abu ya yi ƙara a ciki.

Na ɗaga ƙyallayen sama.

Robobina ne. Dukkansu. An jera su a tsanake, kowacce da murfinta.

Na zauna a ƙasa, na ɗauki ɗaya na buɗe. Saman man sumul yake, har da 'yar lanƙwasar da bayan cokalina ya bari ranar da na zuba. Na buɗe ta biyu. Haka. Na buɗe ta jel. Haka.

Ko yatsa bai taɓa shiga ba.

"Baba."

Ya ci gaba da sa maɓallinsa.

"Baba, waɗannan mene ne?"

"Robobi ne."

"Na ga robobi ne. Wannan ce ka ce ta yi maiƙo?"

Ya ja zare ya tsinke.

"Wannan kuma ita ce ka ce tana da yashi-yashi. Ka san abin da na yi a kan maganar nan? Na narkar da man kaɗanyar gaba ɗaya, na tace, na sa a firij ya daskare da sauri don kar ya yi tsakuwa. Na je wurin matar da nake saye a hannunta na ce ta ba ni gurɓatacce. Matar da ta girmi Umma. Har yau ba ta amsa gaisuwata."

"Ba ni na aike ki ba."

"Ba kai ka aike ni ba."

Na mayar da robar cikin kwalin.

"Mata suna ta kirana ina kayansu, ina cewa su yi haƙuri akwai aikin da ya fi nasu. Na fara shakkar hannuna, Baba. In na haɗa abu na shafa na ji ya yi, sai in ce ƙila fatata ce ta daina ji. Ashe ko buɗewa ba ka yi."

Ya ɗago ya gyara tabarau, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"To ai ga shi kin ƙara ƙwarewa. Da ban matsa miki ba..."

"Don Allah kar ka mayar da shi wasa."

Inuwa ta tare ƙofa. Umma ce, hannunta da ruwan wanki. Ba ta kalli kwalin ba. Ni ta kalla.

Nan na gane.

"Umma, kin sani?"

"Ki rage murya, akwai mutane a bakin titi."

"Kin sani. Kina ganina ina ƙona gas, ina ƙona hannu, kina cewa in bari haka. Ke kike karɓa ki kawo masa, ke kike dawo min da amsa."

"Ke 'yar nan, ubanki ne fa."

"Shi ya sa nake tambaya. Da wani ne da tuni na watsar."

Baba ya ajiye rigar da ke hannunsa.

"Uwata, ya isa."

"Bai isa ba, Baba. In ba ka son man nawa, ka ce ba ka so. In sayo na kanti. In atishawa ce ka yi ta yi, ta fi ciwo sauƙi. Amma ka zauna kana ƙirƙiro min laifi kala-kala, yau kuɓewa gobe kyandir?"

"Ƙafata ce ko taki?"

"Taka ce."

"To ki bar min kayata. Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba, ko da ina ce miki Uwata. Kun bi kun sa ni gaba, kar ka sha wannan, kar ka taɓa wancan. Shayina ma sai an tsaya a kaina an ga abin da na zuba. Yanzu kuma ƙafata ce ba za ta huta ba."

"Nas ce ta ce..."

"Nas ba ta san ni ba."

"Ai ba za ta san ka ba tunda ka daina zuwa. Duk ranar awo sai ka ce layi ya yi yawa."

Ya miƙe. Baba ba mai faɗa ba ne, in ransa ya ɓaci fita yake yi. Ya ture kujera baya, ko silifas bai nema ba, ya nufi ƙofa da safa kawai.

Ina zaune a ƙasa, don haka ƙafafunsa ne a daidai idona.

A gefen diddigen dama wani abu ja yana ƙyalli. Fil ne, irin mai jan kai da yake kama yadi da shi. Ya huda safar ya shige, kan kawai ya rage a waje. Zagayensa safar ta yi duhu.

Yana tafiya a kansa.

Ya taka, ya ɗaga, ya sake takawa. Ko ɗingishi babu.

"Baba, tsaya."

"Ba zan tsaya ba."

"Akwai fil a ƙafarka."

Ya tsaya. Ya sunkuya ya kalli ƙasa. Ya kalli hagu, ya kalli dama.

"Ina?"

Duk fushin da na shigo da shi ya bi iska.

"Ba ka ji ba?"

Ya sake kallon ƙasa.

"Baba, fil ya shige ƙafarka har kai. Ba ka ji ba?"

Umma ta saki labulen ƙofa ya rufe. Ta zo ta kama hannunsa.

"Malam, zauna."

Ya zauna kamar an zare masa laka. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu yana juya shi.

Na matso a kan gwiwa.

"Tun yaushe?"

Ya kalli bango.

"Umma, tun yaushe?"

"Tun kafin ki fara kwaɓe-kwaɓen nan," in ji ta a hankali. "Da farko cewa yake kamar tururuwa na bin sa. Daga baya ya ce kamar yana taka auduga. Yanzu kuma..."

"Yanzu babu komai," in ji Baba. "Kamar na aro ta wani."

Na kalli keken, na kalli yadin da ke danne ba a ɗinka ba.

"Shi ya sa ka koma sa maɓalli."

"Ba na jin feda. In na taka ban san na taka ba sai na ga allura tana gudu. Na ɓata wa mutum yadi mai tsada, na ce masa keke ne ya lalace."

"Amma me ya sa ba ka faɗa ba? Me ya sa sai ni za ka yi ta wahalarwa?"

Ya ajiye tabarau a kan keken.

"Na san halinki. Ranar da na ce man nan ya yi, ranar za ki ce kawo ƙafar in shafa. In dai da gyara, kina kicin."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Haushi ne ko tausayi, ni kaina ban rarrabe ba.

"Wato ka gwammace in yi ta zagaye kwano."

"Na gwammace."

"Sai yaushe?"

"Sai ya warke."

"Mene ne zai warke?"

Suka kalli juna shi da Umma.

"Kin tuna Mai Faci?" in ji Baba. "Abokina na bakin titi, wanda yake gyara miki tayar keke kina ƙarama?"

"Na tuna."

"Da ƙafarsa ya shiga asibiti. Ɗan ciwo ne a yatsa, bai kai ƙwayar wake ba. Da ni aka raka shi, muna hira muna dariya. Da ya fito, a kujera aka turo shi."

"Baba, ai shi ya daɗe yana ɓoyewa. Matarsa da bakinta ta faɗa, sai da abin ya ci ƙarfinsa ya je. Abin da kake yi yanzu shi ya yi."

"Shi ko a zaune yana iya faci. Tela babu ƙafa, me ya rage?"

"Akwai keke mai wuta. Yaya ya sha cewa zai saya maka, kai ka ƙi."

"Shi ma da ƙafa ake taka shi."

"To akwai mu."

"Abin da ba na so ke nan."

Na share fuska da bakin ɗankwali. Na tashi na wanke hannu da sabulu a bakin famfo, na dawo da ruwan ɗumi da tsabtataccen ƙyalle. Na sake durƙusawa a gabansa.

"Zan cire fil ɗin. Kuma zan cire safar."

"Uwata..."

"Ko ka yi fushi, ko ka daina min magana, sai na gani."

Na kama diddigen. Ya yi zafi a hannuna, ya kumbura. Na riƙe jan kan na ja a hankali, ina kallon fuskarsa. Ni ce na runtse ido, shi ko gezau. Jini ya biyo kaɗan. Na danne da ƙyalle.

Na naɗe safar daga sama, na zare ta.

Fason ya yi zurfi, ya tsattsage kamar busasshiyar ƙasa. Fatar ta yi fari da kaushi. Ƙarƙashin babban yatsa akwai ɗan ciwo, ja, bakinsa a buɗe, amma ba ruwa, ba wari.

Na ajiye safar a gefe.

"Wannan ne? A kan wannan ne kuka ɗaga mana hankali?"

Na juya wajen Baba.

"Baba, wannan da sauƙi. In muka je yau za su wanke su ɗaure su ba ka magani. Ba wanda zai taɓa maka ƙafa a kan wannan. Bari in kira Yaya ya zo da mota, kafin a tashi daga aiki mun isa."

Na laluba aljihu ina neman waya. Har na fara jin wani sauƙi-sauƙi, har ina shirya yadda zan ba Yaya labarin robobin.

Sai na ji Umma tana jan hanci.

Na ɗago. Ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa.

"Umma, mene ne kuma? Na ce da sauƙi."

"Ke, ki yi shiru," in ji Baba. Da ita yake, ba da ni ba.

"Na gaji, Malam. Ni nake wankewa, ni nake ɗaurewa, ni nake ɓoye tsumman. Na gaji."

"Na ce ki yi shiru."

Ta sauke zanin daga bakinta, ta kalle ni.

"Ba wannan ƙafar ba ce, 'yar nan. Ɗayar ce."

Baba ya ja ƙafar hagu ya tura ƙarƙashin kujera.

Na miƙa hannu. Ya riƙe min wuyan hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Uwata, kar ki buɗe."

Amma yatsuna sun riga sun taɓa safar.

A jiƙe take.